Ɓarawon da ba ya haura katanga

Ranar wata Laraba, bayan an gama kaka, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ɗora buhu 14 na wake a kan amalanke daga ƙauyensu da ke gundumar Bazaga, ya nufi kasuwar Birnin Ƙwanni. Kafin la'asar ya sayar da su duka. Mai sayen, wanda suka shekara goma suna hulɗa, bai ƙirga masa takarda ko guda ba. Ta waya ya tura masa jika 350, kamar yadda ciniki ya koma a yanzu. Kawu ya kamo hanyar gida hankalinsa kwance, tun da ba ya ɗauke da abin da za a tare shi a daji dominsa.

Bayan sallar magariba wayarsa ta yi ƙara. Muryar wani saurayi ce mai ladabi, da Hausa irin tamu. Ya gaishe shi da sunansa, ya haɗa da na mahaifinsa, ya ce daga kamfani yake kira. Wai ana sabunta rajista ne, kuma duk asusun da ba a sabunta ba kafin tsakar dare za a toshe shi da abin da ke ciki. Don kawu ya tabbata ba wasa ba ne, saurayin ya karanto masa lambar katinsa na ɗan ƙasa, da ƙauyen da aka haife shi, da shekarar da aka rubuta masa, ba kuskure ko ɗaya. Sa'an nan ya ce: «Baba, yanzu wani saƙo zai shigo. Ka karanta mini lambobin da ke ciki, ka faɗa mini lambarka ta sirri, shi ke nan, ka kwanta barcinka.» Kawu ba ya karatun boko. Ya aika aka kira masa ɗan maƙwabcinsa, yaro ɗan aji shida a lakwal, shi ya karanta lambobin yana jin daɗi an sa shi aikin manya. Kafin a kira isha'i, buhu 14 na wake ya bi iska.

Kashegari ya je ofishin da ke kula da asusun. An karɓe shi da mutunci, aka duba na'ura, aka ce masa: «Alhaji, ai kai ka ba da lambar da bakinka.» Ya kai ƙara. Da aka bi sawun layin da ya kira shi, sai aka tarar da sunan wata tsohuwa aka yi masa rajista, a wata jiha mai nisa, tsohuwar da ba mamaki ba ta taɓa riƙe waya ba. Nan maganar ta tsaya. Da na je yi masa jaje, tambaya ɗaya ya yi mini, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami: «Ɗana, kai da ka yi karatu, gaya mini, wa ya ba shi lambar katina?»

Ban iya ba shi amsa ba. Amma mun zauna mun ƙirga wuraren da ya bar hoton katin nan a ƴan shekarun nan. Wurin sayen layi, sau biyu. Gishen aika kuɗi, ba adadi. Wurin wasu ƴan furoje da suka zo ƙauye rubuta sunayen masu karɓar taki. Wurin wani yaro da ya ce ana ɗaukar sunaye domin tallafin gwamnati, tallafin da har yau ba wanda ya ga ƙurarsa. Sai shagon fotokopi, inda takardar da ba ta fito da kyau ba ake jefa ta a kwando, kwandon kuma ƙarshensa hannun mai ƙosai. Ko wace ƙofa a cikin waɗannan tana iya zama wadda ɓarawon ya bi, kuma ba ɗaya da ta taɓa gaya wa kawu inda takardarsa za ta kwana.

Kullum ana yi mana wa'azi a rediyo: kada ka ba kowa lambarka ta sirri. Gaskiya ne, ni ma zan maimaita. Amma wannan wa'azi ya ɗora kayan duka a kan wanda ya fi kowa rauni, ya sauke wa waɗanda suka tilasta mana miƙa musu sunayenmu. Gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ajiya suka karɓa. A al'adarmu da addininmu, in ajiya ta salwanta saboda sakaci, wanda aka ba ta ake fara tambaya.

Daga fuska zuwa lamba

Kasuwancin yankin nan bai taɓa rasa macuta ba. Sai dai tsakanin Ƙwanni da Illelar Amarawa, ko tsakanin Galmi da Abijan inda albasarmu ke zuwa, ciniki ya daɗe yana tafiya a kan wani tsari da ba a rubuta ba. Baƙo yana da mai masauki, mai masauki yana da dillali, dillali yana da gida da iyali da masallacin da yake salla. In an ba da kaya lamuni, akwai wanda ya tsaya. Wanda ya ci amana an san ƙofar gidansu, kuma kunyar da za ta bi ƴaƴansa ta fi ɗaurin alƙali zafi. Yau lamba ta maye gurbin fuska. Wanda ya riƙe lambarka shi ne kai a wurin na'ura, ko da kuwa yana zaune a wani ɗaki a Legas ko Kwatano, ko kuma a unguwar da ke bayan taku.

Kada a ɗauka don yayi mutanenmu suka rungumi wannan hanya. Dattawan ma'aikata suna tuna rushewar bankin BDRN a 1990, da ajiyar gidan waya da ta maƙale shekara da shekaru, da watannin albashi da suka taru ba biya, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Banki bai taɓa zama abokin talaka ba, kuma bai taɓa zuwa Bazaga neman sa ba. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Agadas direba yake ba saƙo, ya zauna yana addu'a. Da kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana suka buɗe gishe a garuruwa, da kuma Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash suka sa asusu a cikin waya, sai uwa ta samu kuɗin hatsi a ranar da ɗanta ya aiko. Abubuwa biyu suka ƙarasa tura sauran masu jan ƙafa. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwannin Najeriya, ɗan kasuwar da ba ya karɓar tiransifa ya koma gida da kayansa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya ƙafar da tsabar kuɗi a bankunanmu, mutane suka kwana a layi. Wannan hanya alheri ce, ba na kiran a koma baya. Abin da nake cewa shi ne, an tura jama'a cikin kogi ba a koya musu iyo ba, waɗanda suka tura su kuma suna tsaye a gaɓa suna karɓar kuɗin fito.

A da, in an ce 419, wato lambar sashen dokar Najeriya da ke hukunta zamba cikin aminci, sai mu yi dariya, don Turawa masu kwaɗayi ake yi wa. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude ya sayar wa wani jami'in bankin Noroeste na Brazil kwangilar filin jirgin saman da babu shi, ya karɓi dalar Amurka miliyan 242. Wasiƙa da faks suka yi wannan aiki, kuma sai da aka shekara ana lallashin mutum ɗaya. Yanzu lissafin ya juya. Ɗan damfara ya gane cewa kiran mutum ɗari a yini, ya samu uku da za su ba da jika hamsin-hamsin, ya fi sauƙi kuma ya fi aminci, domin manomin wake ba shi da lauya, ba shi da ofishin jakadanci.

Dabarunsu ba su da yawa, riga kawai suke canzawa. Akwai saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, wai an tura maka kuɗi, sai kira ya biyo baya da murya mai kuka: kuskure na yi, kuɗin maganin mahaifiyata ne, don Allah mayar mini. Mai imani ya mayar daga aljihunsa, alhali ba abin da ya shigo. Akwai wanda ɗan kasuwa ya fi sani, wato hoton shaidar tiransifa da ake nuna maka a fuskar waya ana loda kaya, mota ta tashi, kuɗi ba su taɓa tashi ba. Akwai sace WhatsApp: a kira ka a ce za a sa ka a zauren wata ƙungiya ko na taron addu'a, a nemi lambobi shida da suka shigo wayarka. Da ka faɗa, shafinka ya koma hannunsu, duk ƴan'uwa da abokan cinikinka su fara samun saƙo da hotonka cewa ka shiga matsala, a taimaka da gaggawa. Har murya ma ta daina zama shaida, domin akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙon da ya taɓa aikawa, mu kuwa al'umma ce ta saƙon murya. Akwai kuma na riba: ka zuba jika ɗari ka kwashi ɗari biyu a wata guda. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Najeriya a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma gobe wata za ta zo da sabon suna da hoton wani alhaji yana murmushi. Abu ɗaya ya haɗa su duka: gaggawa. Kafin tsakar dare, kafin a rufe, kafin wani ya riga ka. Ciniki na gaskiya yana jure kwana ɗaya.

Mafi muni a cikinsu shi ne wanda ba a ɗaukar maka ko dala, sunanka kawai ake ɗauka. Da hoton katinka ake sayen layi, da layin a buɗe asusu, ta asusun a wuce da kuɗin sata ko kuɗin fansa. Ranar da bincike ya tashi, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan kasuwa ce mai farashi. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta Najeriya ta nuna cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan katin ɗan ƙasa a kan naira 100, har ta sayi na ministan sadarwar ƙasar da kansa don ta kafa hujja, ko da yake hukumar katin ta musanta cewa an fasa rumbunta. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kusan 12,000 da ke yawo suna sayen lambobin shaida da na banki a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000. Wanda ya san yawan ƴan kasuwarmu da ƴan canjinmu da ke da asusun naira, ya san wannan gobara ba a gidan maƙwabci kaɗai take ba.

Ma'aikaci kuma kada ya yi wa manomi dariya. Na ga malamin makaranta da ya tura hoton takardar albashinsa da lambar aikinsa da katinsa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, don wani ya ce ana gyara matsayi a Yamai. Na ga iyayen da suka biya kuɗin kujerar kwankur ga wanda bai taɓa taka ma'aikatar da ya ambata ba. Mu da muka yi lakwal har jami'a mun fi saurin faɗawa, don takarda mai tambari da faransanci mai kyau tana kashe mana jiki. Kuma mu ne muke zaune a bayan tebur muna karɓar takardun jama'a. Sakataren da ke ɗaukar hoton jerin sunayen masu tallafi da wayarsa don ya ƙarasa aiki a gida, ko ya sani ko bai sani ba, ya fita da ajiyar ƙauye guda a aljihun wandonsa.

Dokar da ta san hanyar gidan ɗan jarida

To, ina hukuma? Ba za a ce ba ta rubuta komai ba. Tun 2012 doka ta wajabta a yi wa kowane layi rajista da sunan mai shi, kuma a ƙarshen 2013 aka toshe waɗanda ba a yi wa ba. An ce mana don tsaro ne. A ranar 3 ga Mayu 2017 aka kafa dokar kare bayanan mutane, aka sake ta a Disamban 2022, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaron ta. Dokar ta ce ba a karɓar bayanan mutum sai da dalili bayyananne, ba a amfani da su a wani abin dabam, wanda ya karɓa wajibi ne ya tsare, kuma mai su yana da ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa. A ranar 3 ga Yuli 2019 aka ƙara da dokar yaƙi da laifuffukan intanet, wadda ta tanadi hukunci ga mai zamba ta na'ura. A takarda, kawuna mutum ne mai gata.

Amma tambayi duk wanda ke karanta jarida, da me aka san dokar 2019? An san ta da sashe na 29 da na 31, na ɓata suna da na yaɗa abin da wai zai iya ta da hankalin jama'a. A Maris 2020 an kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda saboda ya rubuta cewa ana zargin an samu mai cutar korona a asibitin Yamai. A ranar 10 ga Yuni 2020 an tsare Samira Sabou bisa ƙarar ɗan shugaban ƙasa na lokacin, ta kwana a kurkuku har 28 ga Yuli kafin kotu ta sallame ta. A Janairun 2022 an yanke mata ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka ita da Moussa Aksar, saboda sun yaɗa rahoton wata ƙungiyar waje a kan fataucin ƙwaya. A 2022 gwamnatin Bazoum Mohamed ta cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi. A ranar 7 ga Yuni 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da shi: shekara ɗaya zuwa uku ga ɓata suna, biyu zuwa biyar ga ta da hankalin jama'a. Farar hula da soja, kowa ya zo sai ya wasa wannan gefen wuƙar. Ba na cewa ƴan sanda ba sa kama ƴan damfara. Suna kamawa, akwai sashe na musamman a Yamai, kuma a cikinsu akwai yara masu ƙwazo da ke aiki ba kayan aiki. Amma idan ana iya gano wanda ya rubuta jimla biyu a kan minista a cikin kwana ɗaya, yaya aka yi wanda ya kwashe jika 350 ta layi mai rajista, zuwa asusu mai rajista, ya cire a gishe mai rajista, ya zama aljani? Mutuncin mai mulki yana da masu gadi dare da rana. Guminka, ɗan'uwa mai karatu, an bar maka gadinsa.

Ga kuma nisa. Daga Ƙwanni zuwa Yamai ya haura kilomita 400. Wanda aka sace wa jika 40 ba zai kashe jika 30 a mota da masauki don ya shigar da ƙara ba, kuma ɓarawo ya san wannan lissafi fiye da mu. Ga iyaka. Kuɗin da aka sata a Bazaga da magariba suna iya zama naira kafin isha'i. Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, kowa da ra'ayinsa a kan haka, amma ko mene ne ra'ayin, wajibi ne jami'in Ƙwanni ya iya ɗaga waya ya kira na Illela ko na Sakkwato a kan asusun ɓarawo ba tare da ya jira ministoci sun shirya ba. Macutan ɓangarorin biyu ba su taɓa yin rikicin diflomasiyya ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, maganar harshe. A Maris 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ɗaga Hausa ya ce ita ce harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki. Madalla. Amma saƙon da ke gaya wa mutum kuɗinsa sun shiga ko sun fita, da wanda ke gargaɗinsa kada ya ba kowa lambar da aka turo, da wane harshe yake zuwa? Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba sa karatun boko. Wanda ba ya karatu dole ya miƙa wayarsa: ga mai shagon caji, ga ɗan kabu-kabu, ga yaron maƙwabci, ga mai gishe da ke cewa «kawo in danna maka, Baba, layi ya yi tsawo». A irin wannan hali, cewa lambar sirri ce wasa da hankali ne. Rabin ƙauye ya san ta, kuma sau da yawa shekarar haihuwa ce, wadda ke rubuce a kan katin da aka bari a shagon fotokopi. Kamfanin da ya iya kiran mu da Hausa da Zabarmanci don ya tallata garaɓasar kiredi, ya iya sa murya ta faɗa da Hausa: za ka fitar da jika kaza zuwa ga wane, in ka yarda danna ɗaya. Ba fasaha ce ta gagara ba. Ba wanda ya tilasta ne.

Hukumar ARCEP da ke sa ido a kan kamfanonin waya, da bankin BCEAO da ke ba da izinin harkar kuɗin waya, suna da ikon tilastawa. Suna iya wajabta cewa kowa ya danna lamba kyauta ya ji layi nawa ke ɗauke da sunansa, ya kashe wanda bai sani ba. Suna iya wajabta a riƙe babban kuɗin da ya fita zuwa sabon asusu na ƴan awoyi, da lambar gaggawa da ake amsawa da harshen mai kira, domin a satar waya awa ɗaya ta farko ita ce komai. Suna iya cin tarar kamfanin da wakilinsa ya sayar da layi hamsin da katin tsohuwa ɗaya, tara mai zafi, a buga a jarida. Ranar da asarar ta fara taɓa aljihun kamfani, za mu ga yadda dabara ke tsirowa. Haka nan ba abin da ya hana a ajiye jami'i ɗaya da ya san wannan aiki a Ƙwanni, ɗaya a Malbaza, ɗaya a Illela, ya riƙa zama a kasuwa ranar da take ci. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago, waɗanda suka iya tsayar da ƙasa cak a zamanin Taron Ƙasa na 1991, ba su rasa bakin neman wannan ɗan abu ba. Kuma tun da ana ta maganar sabon kati mai hoton yatsu, lokacin tambaya shi ne yanzu: wa zai riƙe rumbun, a wace ƙasa na'urar take, wa ke da mabuɗi, wa za a ɗaure in ya yoyo? Lambar sirri ana canza ta. Zanen yatsa ba a canza shi.

In ɓera da sata

Daddawa ma da wari, wannan kuwa ba zan ɓoye ba. Akwai wanda aka cuta don tsoro, kamar kawuna, akwai wanda aka cuta don kwaɗayi. Wanda aka ce ya ci kyautar mota a gasar da bai shiga ba, ya kuma biya kuɗin duwan, ya taimaki ɓarawonsa. Wanda ya ba da katinsa aka buɗe asusu don an ba shi jika biyu, ya sayar da sunan ubansa a farashin tiyar gero biyu ko uku. Kuma muna da wata ɗabi'a da ke ciyar da macuta: kunya. Alhajin da aka wanke ba ya son a ji, sai ya yi shiru, gobe a wanke maƙwabcinsa da dabara iri ɗaya, da murya iri ɗaya. Da kowane wanda abin ya shafa zai tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi yadda aka yi masa, da limamai da masu gari za su ba maganar minti biyar, da dabarar ta mutu a wannan gari kafin sati.

Kafin hukuma ta farka, ga abin da na gaya wa dangina, na kuma roƙi kowa ya gaya wa nasa. Ba kamfani, ba banki, ba ma'aikatar da ke neman lambar sirri ta waya, duk wanda ya nema ɓarawo ne ko da ya karanto sunan kakanka. In an kira da labarin gaggawa, kashe wayar, kira mutumin da kanka ta lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Kada kaya su bar rumfa sai ka duba asusunka da idonka, ba fuskar wayar mai saye ba. In ka ba da hoton kati, rubuta a kansa da biro dalilin da ranar, ta yadda ba zai yi aiki a wani wuri ba, takardar da ta lalace kuma ka tafi da abarka. Layin da ke ɗauke da asusu kada a bar shi ya mutu, domin kamfani na sake sayar da lambar ga wani. Wanda kuma dole sai an danna masa, ya zaɓi mutum ɗaya tak, na cikin gida, wanda zai iya kallon idonsa gobe.

Kawu ya saurari wannan duka, ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya. Da Larabar da ta biyo ta zo, ya kai ragowar wakensa kasuwa, ya ce wa abokin cinikinsa na shekara goma shi takarda yake so, a ƙirga masa a hannu. Ya naɗe kuɗin a tsumma, ya ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin riga, ya jira har aka samu mutum biyar masu komawa ƙauye, suka kama hanya tare kafin rana ta faɗi.